Kafin katafila ta shiga fili: radar mai gano kaburburan da ba su da alama

A ƙasar Arlit an auna cikin ƙasa har zurfin ɗaruruwan metir domin neman ƙarfen uraniyom. Amma metir biyun farko, inda mamata suke kwance, su ne magini yake fara taɓawa, kuma sau da yawa ba ya sanin abin da ke cikinsu sai diga ta bayyana shi. Akwai na'urar da ke iya leƙa wannan zurfi ba tare da an yi haƙa ba. Ga yadda take aiki, da iyakar abin da take iyawa, da abin da ya rage ga hukuma da masu gini.

Duk wanda ya taɓa sa leburori haƙar tushen gida ko na kanti ya san irin shirun da ke sauka a wurin aiki idan shebur ta fito da ƙashin mutum. Lebura ya ajiye kayan aiki, magini ya ja da baya, a aika a kira liman da mai unguwa. Mai kango kuwa tunani biyu ne a ransa: wane bawan Allah ne aka tayar daga makwancinsa, sannan yaya za a yi da siminti da ƙarfen da aka riga aka biya kuɗinsu. Wasu sukan tsaida aiki su yi abin da ya dace. Wasu kuma, a faɗi gaskiya, sukan ce a mayar da ƙasa a ci gaba kafin labari ya kai kunnen hukuma.

A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi, kabari hubusi ne ga mai shi, ba a tone shi muddin da sauran ƙashinsa a ciki, sai da larura. Ga ɗan kasuwa kuma, aikin da ya tsaya hasara ce ta kowace rana. Alfarmar mamaci da dukiyar mai rai duka suna neman abu guda: a san abin da ke cikin fili tun kafin a sa masa diga.

Gari sabo, ƙasa tsohuwa

Mai yiwuwa wani ya ce Arlit ai garin jiya ne, ina za a samu tsofaffin kaburbura a cikinsa? Lalle garin sabo ne. An kafa kampanin SOMAIR a 1968, aka fara gina garin a 1969, aka soma fitar da uraniyom a 1971. Kampanin COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a Akokan a 1978, ya rufe ramukansa ranar 31 ga Maris 2021. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum kusan dubu 80 a garin. Sai dai ƙasar da aka kafa shi a kanta ta daɗe tana karɓar gawa, kuma kaburburan da ba su da alama a wannan yanki iri uku ne.

Na farko su ne na mutanen da. Shekaru dubbai da suka wuce Sahara tana da tafkuna da ciyawa, mutane suna kiwon shanu suna kamun kifi a inda yau babu ko inuwa. A Arlit kanta masu binciken tarihi sun tono mazaunin mutanen zamanin dutse tare da kaburburansu, masu shekaru fiye da 4000. A Iwelen, arewacin Abzin, akwai tarin kushewu na duwatsu irin waɗanda Abzinawa ke kira idebnan. A Gobero, bakin Tenere, ayarin Paul Sereno na jami'ar Shikago ya ci karo a shekara ta 2000 da maƙabarta mai kaburbura wajen 200, mafi tsufansu sun kusa shekara dubu 10. A can ne aka samu mace da yara biyu a kabari guda, suna rungume da juna. Babu dutse ko ɗaya da ya nuna wurin, iska ce ta kwashe rairayi ta bayyana su.

Na biyu su ne na makiyaya da na leburorin farko. Makiyayi yakan rufe mamacinsa kusa da inda ya yada zango, ya kewaye kabarin da duwatsu, ya kafa ɗaya wajen kai, ya tashi da dabbobinsa. Bayan shekara ashirin rairayi ya rufe duwatsun, ko mai neman dutsen gini ya loda su a mota bai san na mene ne ba. Haka kuma baƙin da suka zo neman aiki daga Tawa, Damagaram da Maradi suka kafa bukkoki a gefen gari: wanda ya rasu a waɗannan shekarun an kai shi bayan gari, bayan garin jiya kuwa shi ne tsakiyar unguwa a yau.

Na uku su ne na matafiya. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, yara 52, mata 33 da maza 7, akasarinsu ƴan ƙasar Kance. Daga Arlit suka tashi, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Sojoji da ƴan agaji sun yi musu sutura a inda aka same su, ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Waɗannan an san adadinsu. Wasu da dama sun kwanta a hanyar Assamaka da hanyoyin wuraren haƙar zinariya da suka buɗe tun 2014, ba wanda ya rubuta inda aka sa su. Duk hanyar kwalta, tashar mai ko sito da za a gina a wannan yanki, a irin wannan ƙasa za a gina su.

Yadda na'urar take aiki

Da Faransanci ana ce mata jeworadar, wato radar ta ƙasa. A ido ba ta da wani kwarjini: akwati ne a kan ƴar amalanke mai ƙafa uku ko huɗu, mutum ɗaya yana tura ta, da allo a gabansa kamar na ƙaramar kwamfuta. Cikin akwatin akwai eriya biyu. Ɗaya tana harba igiyar rediyo cikin ƙasa, ɗayar tana sauraron abin da ya dawo. Duk inda igiyar ta tarar da sauyi, kamar daga rairayi zuwa dutse, daga busasshiyar ƙasa zuwa mai laima, ko daga ƙasa zuwa kogo, sai wani sashe nata ya komo sama, kamar yadda murya ke komowa idan an yi kira a bakin rijiya.

Na'urar tana auna lokacin da igiyar ta ɗauka kafin ta dawo, daga nan ta lissafa zurfi. A busasshen rairayi igiyar tana cin wajen santimetir 15 a cikin kashi ɗaya daga miliyar na sakan. Abin da ke zurfin metir ɗaya da rabi ke nan amsarsa tana isowa cikin kashi 20 daga miliyar na sakan. Domin neman kaburbura an fi amfani da eriya mai megahaz 250 zuwa 500, wato tsakanin igiyar rediyon FM da ta wayar salula. Idan aka ƙara yawan megahaz hoto yana ƙara fitowa sarai amma zurfi yana raguwa, idan aka rage sai a samu zurfi a rasa ƙananan abubuwa.

A garin da jama'a suka daɗe suna fargabar tururin uraniyom, wajibi ne a bayyana wannan: igiyar radar ba irin wancan tururi ba ce. Igiyar rediyo ce, ƙarfinta bai kai na wayar da ke aljihunka ba, ba ta barin kome a cikin ƙasa, ba ta taɓa mamaci.

Abin da take gani a kabari

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton allon zai nuna ƙwarangwal kamar hoton ƙirji a gidan likita. Tsohon ƙashi da ƙasar da ke kewaye da shi kusan ɗaya suke a wurin radar. Abin da take gani shi ne ramin. Ƙasar da ba a taɓa tonawa ba tana kwance hawa-hawa, kowane hawa a shimfiɗe. Inda aka yi haƙa aka mayar, waɗannan hawa sun yanke, ƙasar ta cakuɗe, taurinta da laimarta sun bambanta da na gefe, kuma wannan tabo yana iya daɗewa shekaru masu yawa. Abu mai tauri ko kogo kuwa yana fitowa a allo kamar ƙwarya a kife.

Kabarin musulmi ya fi wuyar gani bisa ga na wanda aka rufe cikin akwati mai ƙusoshi, domin likkafani ba ya mayar da igiya. Amma yana da nasa alamomi. Akwai babban rami da ƙaramin rami a cikinsa, akwai itace, tukwane ko faffaɗan duwatsun da ake jerawa a bakin ƙaramin, wani lokaci da ɗan kogon da ya rage a ƙarƙashinsu. Akwai kuma alƙibla. Tun da ana kwantar da mamaci bisa gefen dama yana fuskantar gabas, kaburburanmu suna miƙe ne daga kudu zuwa arewa, kai yana kudu. Saboda haka mai aikin da ya san al'adarmu zai ja layukansa daga gabas zuwa yamma, domin ya ratsa kowane kabari ta faɗinsa. Idan tabo guda ya fito a layuka huɗu ko biyar a jere, tsawonsa ya kai na mutum, ya miƙe kudu da arewa, ga wasu irinsa a gefensa cikin sahu, to da wuya ya zama ba maƙabarta ba. Kaburburan mutanen da, waɗanda ake naɗe gawa a ƙaramin rami ba tare da alƙibla ba, da na jarirai, sun fi kuɓuce wa na'ura.

Inda ƙasarmu ke taimako da inda take hanawa

Babban abokin radar shi ne busasshen rairayi, manyan maƙiyanta kuwa laka, gishiri da laima. A watan Nuwamba na 1981 wata radar da kumbon Amurka mai suna Columbia ya ɗauka ta hango tsofaffin hanyoyin koguna a ƙarƙashin rairayin hamadar da ke tsakanin Masar da Sudan, daga sararin sama. A Arlit, inda ruwan sama ba ya kai milimetir 100 a yawancin shekaru, filin rairayi da tsakuwa yana barin igiya ta shiga metir da dama, fiye da zurfin kowane kabari.

Amma jahar Agadas ba duka rairayi ba ce. A faffaɗan filin laka na Irhazer, wajen Ingal, da ƙasar gishiri ta Tegidda-n-Tesemt, igiyar tana iya mutuwa kafin ta kai metir ɗaya. A cikin gari kuma akwai abubuwan ruɗi: tsohuwar masai da aka cike, ramin shara, tiyon ruwa, wayar lantarki, ramin dabba, da tarkacen ƙarfen da ya cika garuruwan ma'adinai. Kowannensu yana iya fitowa a allo kamar kabari. Shi ya sa gwanin aiki yakan fara gwada na'urarsa a gefen maƙabartar da aka sani, da izinin masu kula da ita, domin ya ga kamannin kabari a irin wannan ƙasa kafin ya shiga filin da ake tambaya a kai.

Darasi daga ƙasashen waje

A 1991, a birnin New York, gwamnatin Amurka ta fara haƙar tushen wani dogon bene na ofisoshinta, sai aka faɗa kan maƙabartar baƙaƙen fata, bayi da ƴantattu, ta ƙarni na 17 da na 18. An ɗebe ƙasusuwan mutum 419 kafin ƙorafin jama'a ya sa a tsaida haƙa a 1992. Dole aka soke wani sashe na ginin, ba a kuma mayar da mamatan makwancinsu ba sai a 2003. A birnin Tampa na jahar Florida kuwa, gidajen haya na hukuma aka gina a kan maƙabartar Zion, wadda aka buɗe a 1901 aka kuma manta da ita. A 2019 radar ta nuna siffofin akwatunan gawa fiye da 120 a harabar gidajen, sai da aka tashi iyalan da ke zaune a wurin. A duka biyun bincike ya zo ne bayan an riga an kashe kuɗi.

Ƙasar Kanada ta ba da darasi na daban. A watan Mayu na 2021 aka ba da sanarwar cewa radar ta nuna wurare 215 da ake zaton kaburburan yara ne a harabar tsohuwar makarantar kwana ta ƴaƴan ƴan asalin ƙasar a Kamloops. Bayan wata biyu masaniyar da ta yi awon ta mayar da adadin 200, ta kuma bayyana cewa tono ne kaɗai ke tabbatarwa. A Pine Creek, cikin lardin Manitoba, an tona wurare 14 da radar ta nuna a ƙarƙashin wata majami'a a 2023, ba a samu gawa ko ɗaya ba. Abin lura a nan shi ne, na'ura tana cewa ne ga inda aka taɓa ƙasa. Cewa kabari ne, da sanin mai shi, aikin mutane ne.

An taɓa yi a ƙasar Ingal

Duba ƙasa kafin a fasa ta ba baƙon abu ba ne a jaharmu. A Azelik ne masu neman tagulla suka fara ganin alamar uraniyom a 1957, kuma Azelik ɗin nan ita ce masana da dama suke ɗauka tsohuwar Takedda da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. Da aka ba da izinin neman ma'adini a yankin, sai aka shirya binciken gaggawa daga 1977 zuwa 1981 a ƙasar Ingal da Tegidda-n-Tesemt, tare da cibiyar IRSH ta Yamai da masana irin su Suzanne da Edmond Bernus, Pierre Gouletquer, Danilo Grébénart da François Paris. Sun bi ƙasa da mota da ƙafa, suna tambayar makiyaya, suka sa kushewu, tsofaffin garuruwa da wuraren narka tagulla a taswira. Abin da ido ke gani suka rubuta. Radar tana ƙara abin da rairayi ya rufe.

Doka ma tana nan. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta ɗora wa hukuma kare kayan tarihin ƙasa, ta kuma wajabta sanar da ita idan an ci karo da su a wurin haƙa. Doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ta tsara binciken da ake yi kan muhalli da jama'a kafin manyan ayyuka. Inda giɓi ya fi yawa shi ne ƙananan ayyukan yau da kullum: rabon kangaye, ginin kasuwa, lakkal, tashar mota, waɗanda ba a cika kiran masani kafin a fara su ba.

Lissafin mai gini

Ɗan kasuwa zai tambayi kuɗi da lokaci, kuma yana da gaskiya. Kango mai metir 20 kowane gefe, idan aka bar santimetir 50 tsakanin layi da layi, layuka 40 ne, tafiyar metir 800. Idan aka matse zuwa santimetir 25 domin kada kabarin yaro ya kuɓuce, tafiyar kilometir ɗaya da metir 600 ce, aikin safiya guda. Hekta ɗaya kuwa a tazarar santimetir 50 tafiyar kilometir 20 ce, sannan a zauna a karanta hotunan. Saboda haka ba a tura radar a duk faɗin hamada, sai inda aka ware. Kuɗin na'urar turawa ba su kai na sabuwar motar daji ba, kuma awon da ya nemo kabari shi ne zai nuna tiyo, waya da tsohon ramin da kan sa bango ya tsage bayan shekara biyu.

Tsarin da ya dace a bayyane yake. A fara da tambaya, domin matambayi ba ya ɓata: tsofaffin makiyaya, masu haƙar kabari, limamai, shugabannin majami'u, da ma'aikatan farko na ma'adinai da suka rage a raye. Waɗannan su ne taswirar da ba a rubuta ba, kuma kowace shekara tana raguwa. Sai a taka filin da ƙafa a duba jerin duwatsu da lotsawar ƙasa, a kwatanta da tsofaffin hotunan jirgin sama. Inda zato ya yi ƙarfi a kawo radar. Inda ta nuna sahun kaburbura, mafi sauƙi shi ne a gusar da gini, a kewaye wurin, a sa shi cikin taswirar ma'aikatar magajin gari domin kada a sake saida shi. Idan gusarwa ba ta yiwuwa, malamai, dangi idan an san su, da hukuma su zauna su yanke yadda za a tashi mamatan cikin mutunci. In na mutanen da ne, a kira masana tarihi.

Ma'aikatan da za su riƙe na'urar ba sai an ɗauko su daga Turai ba. Makarantar EMIG ta Yamai, makarantar ma'adinai ta EMAIR da jami'ar Agadas suna horar da matasa kan ilimin ƙasa, ga kuma ƙwararrun da rufe COMINAK ya bari ba aiki, waɗanda suka shekara da shekaru suna karanta awon ƙarƙashin ƙasa. Na'ura guda a hannun jaha, wadda kananan hukumomin Arlit, Ingal, Cirozerin da Agadas za su riƙa ara, ta isa a fara.

Nauyin yana kan mutum biyu da ke karanta wannan shafi. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar rabon kangaye yana iya neman shaidar cewa an tambaya an kuma duba kafin ya sa hannu. Mai kuɗin da zai gina sito yana iya ware ladan awo cikin kuɗin tushe, kamar yadda yake ware na mai awon fili. Waɗanda ke kwance a ƙarƙashin rairayin nan, makiyayi ne ko lebura ko matar Kance da ƴaƴanta, ba su da bakin kai ƙara. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu ma a kiyaye namu makwancin.